Goron da Ya Kwana Cikin Gishiri

Shekarar da zan yi aure ita ce shekarar da Turawa suka ɓata da juna, kuma har yau ban yafe musu wannan zaɓen lokaci ba. Jamus ta ci Faransa. Turawanmu na Gaya, Faransawa ke nan, suka ce su kam sun fita daga yaƙi, ba sa bayan kowa. Ingilishi masu riƙe da Nijeriya suka ce to madalla, wanda ba ya bayansu ba zai ci daga kasuwarsu ba. Aka rufe iyaka. Mun riƙa jin cewa kumandanmu da Baturen can suna aika wa juna gaisuwa ta bakin tafinta, kowa na tambayar lafiyar iyalin ɗan'uwansa, amma hanyar Kamba, da ke tsallaken iyaka, ko akuya ba a yarda ta bi ba.

Kananzir ya ɓace, alimeti na ƙyasta wuta ya ɓace, yadin akoko ya zama sai labari. Duk muka haƙura. Abin da ya gagari haƙuri shi ne goro. Ɗan abin da ke haurowa daga Dahome, manyan gari ke tare shi tun a bakin kogi. Dattawa suka koma tauna asawaki suna faɗa da jikoki ba gaira ba dalili.

Mu masu dafa gishiri ne, asalinmu wajen Bana, cikin kwarin Foga. Yarinyar da nake nema kuwa ɗiyar wani masunci ce Badande, tana soya kifi a bakin ruwa. Komai ya daidaita, sai uban ya kafe a kan abu guda: ba zai ɗaura aure ba sai an raba goro. Goggona, ƙanwar babana, ita ce mai shiga tsakani, ta yi ta zirga-zirga har silifar ƙafarta ta san hanya. Ta kai maganar dabino, ya ƙi. Ta ce a ɗaura yanzu, goro ya biyo baya in an buɗe iyaka, ya ce shi ma ɗiyarsa ta biyo baya in an buɗe.

"Wanga tsoho ya hi Ingilishi taurin kai," in ji Goggo, tana fifita da gefen mayafi. "Su ko gaisuwa suna amsawa."

Yarinyar ma ba ta sauƙaƙa mini ba. Na je sayen kifin da ba na bukata, ta juya shi a kasko ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Akwai wani mai kwalekwale da ya ce shi ya san inda goro yake." Na san mai kwalekwalen, dogo ne, yana da wushirya. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Ina da kawu a Kamba, kuma na san can suna ƙishin gishirinmu kamar yadda muke ƙishin goronsu. Na ɗaure gishiri cikin kaba, na aza wa jaki, na bi ta gonaki da hantsi kamar mai kai wa manoma abinci. Kawu ya karɓi rabin kayan, ya ba ni ƙwaryar goro, fari da ja, a naɗe cikin ganye ɗanye. Ya ce in riƙa yayyafa masa ruwa. Na ce to.

Da na fita gari sai na zauna na yi shawara da kaina, kuma a nan aka samu matsala. Ƙunshin ganye kowane gardi mai tsaron iyaka zai gane shi daga nesa. A gidanmu kuwa gishiri ne maganin lalacewa: kifi, nama, fata, duk abin da ka sa a ciki ya tsira. Na kwance ganyen na ba jaki ya ci. Na farke ragowar gishirin, na binne goron ɗaya bayan ɗaya a tsakiya, na sake ɗaurewa. Ina tafe ina yaba wa kaina.

Gardi suka tare ni kusa da gida. Na ɓata fuska na ce na kai gishiri bakin iyaka, Ingilishi sun koro ni da kayana. Babbansu ya ji daɗin samun wanda zai taya shi zagin Ingilishi, muka zage su tare, ya lashi gishirin, ya ce in wuce. Don tsoron masu tsegumi na jingine kayan a zaure ban taɓa ba har ranar ɗaurin aure.

Da safiyar ranar muka kwance, ni da Goggo. Gishiri ya shanye ruwan goron tas. Kowane ya yamutse, ya yi baƙi-baƙi, kamar kashin raƙumi. Goggo ta gutsiri ɗaya, ta tofar, ta zauna a ƙasa tana dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa na durƙushe gaban kayan na dafe kai, sai Goggo ta ce:

"Ɗan nan, mi ya same ka? Tashi mu wanke shi. Sharaɗi goro anka ce, ba a ce mai daɗi ba."

Muka wanke, muka jera a faifai, aka kai ƙofar gidan masuncin inda jama'a suka cika. Mai kwalekwale ma yana nan, a sahun gaba. Aka ajiye faifai gaban tsohon. Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya dube ni. Ya jefa a baki. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, idonsa ya kawo ruwa, amma bai tofar ba. Ya tauna a hankali har ya haɗiye. Sannan ya juya wajen liman ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Goro ne. Yaro ya tahi, ya kawo. Malam, yi Fatiha."

Aka raba. Dattawan da suka yi wata da watanni ba su ga goro ba suka tauna suna yamutsa fuska suna sa albarka. Ba a taɓa shan ruwa a ɗaurin aure kamar na ranar ba.

Daga baya Turawan suka shirya, iyaka ta buɗe, goro ya cika kasuwa. Amma matata ba ta bar maganar ta mutu ba. Kullum ta kawo mini goro bayan kalaci sai ta ɗora ɗan gishiri a gefen faifai, ta ce, "Ga mahaɗinka." Na yi fushi, na yi roƙo, har Goggo na sa ta shiga tsakani, a banza. Haka muka tsufa.

Bayan rasuwarta, babbar ɗiyarmu ta karɓi hidimata. Ranar farko ta kawo goro mai kyau, fari sol, a faifan uwarta. Na tauna, na kasa haɗiyewa. Ta tambaye ni ko ya lalace ne. Na ce a'a, lafiyarsa lau, ta dai koma madafa ta ɗebo mini ɗan gishiri.