Wutsiyar Zakin da ke Damtsena

Shekarun baya, lokacin ina acaɓa a Fadaman Mada, rigima ta ɓarke a inda muke tsayawa, aka kwashe duk wanda aka tarar. Ni da na tsaya shan rake sai ga ni a gidan yari, ina jiran shari'a.

Aka tura ni wani ɗaki cike da mutane. Ashe ɗakin gari ne guda: akwai shugaba, akwai liman, har da alƙalin da ke raba faɗan wurin kwanciya. Sabon shiga kuwa kusa da bokitin bayan gida yake kwana. Da aka kawo gabza, abincin gidan yari, na kalle ta na ture, sai wani tsoho manomi daga Miri, wanda kowa ke kira Baba, ya ce, “Ɗana, ci. Jibi da kanka za ka lashe kwanon.” Haka kuwa aka yi.

A hankali na ga kowa ya nema wa kansa abin yi. Wasu na ɗinkin hula, wasu na dara da gutsattsarin sabulu, wasu na karatu wurin liman. Akwai kuma wani ɗan kudu, Kirista, mai shagon kayan gyaran babur, shi zanen jiki yake yi. Kayan aikinsa allura ce da baƙin ƙonannen silifas, yana ɓoye su kada gandiroba ya gani. Wani sunan 'yarsa aka rubuta masa a ƙirji, wani kunama a wuya. Na lura waɗanda aka yi wa zanen nan ba a taka musu tabarma. Ni kuwa siriri ne, kowa aike na yake yi. Sai na ƙudurta zaki zan sa a yi mini a damtse.

Mai zanen ya dube ni sama da ƙasa, ya ce da irin Hausarsa, “Aboki, mamanka ya sani? Wannan abu ba ya wankuwa fa.”

Na ce, “Ni yaro ne? Zana kawai, kuma ya buɗe baki.”

Liman ya ce mini bai halatta ba, na yi kamar ban ji ba. Baba kuwa ya shafa tsagen fuskarsa ya ce, “Ni ina jariri wanzami ya yi mini nawa da aska, aka ce ko kuka ban yi sosai ba. Bari mu ga naka.”

Bayan azahar aka kewaye mu, wani ya tsaya gadin ƙofa. Mai zanen ya ce daga wutsiya zai fara. Allura ta shiga, na cije. Ta sake shiga, na ce ai ba zafi. Da na waiga na ga jini, daga nan ban san abin da ya faru ba. Farkawa na yi ana yi mini fifita da murfin kwano, liman na tofa mini addu'a yana danne dariya, Baba kuwa har ya kwanta yana riƙe ciki. Mai zanen ya rantse ba zai ƙara taɓa ni ba. “Ka mutu a hannuna su ƙara mini shekara? Wutsiya ya ishe ka.”

Tun ranar sunana ya koma Mai Wutsiya. Na ɗauka na gama kunyata, sai ga shi shugaban ɗaki ya matso da tabarmata kusa da taga, wai mai suma yana bukatar iska. Kowa ya shiga cikin damuwa sai a ce in ba da labarin zakina, ni kuma kullum sai na ƙara masa gishiri.

Abin da ke cin raina shi ne mahaifiyata. Ranar da ta zo ziyara ta rame, idanunta sun faɗa. Ta hango ɗan lanƙwasasshen layin a hannuna ta ce, “Dukan ka suka yi?” Na sunkuyar da kai na faɗa mata gaskiya, ina jiran faɗa.

Sai ta ce, “To ina sauran zakin?”

Na ce, “Inna, bai samu shigowa ba.”

Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, har gandiroban da ke tsaye ya juya baya yana dariya. Ta ce, “Ya fi ka hankali. Ka nemi gafarar Allah, kuma kada ka ƙarasa shi.” Ƙanwata ta ce rabon Inna da dariya tun ranar da aka kama ni.

Daga baya kotu ta sallame mu. Mai zanen ma ya fito, har yau a shagonsa nake sayen kaya, kuma duk kirsimeti sai matarsa ta aiko mana da shinkafa.

Ba na fatan kowa ya shiga wurin nan, akwai wuya ƙwarai. Amma na shiga ina zaton sai an ji tsorona zan rayu, ashe abin da mutanen ɗakin suka fi bukata shi ne wanda zai sa su dariya. 'Ya'yana kan ja hannuna su ce, “Abba, wannan tsutsa ce?” Sai in ce su yi magana a hankali, wutsiyar zaki ce, mai ita yana kusa.