Alli Uku a Jikin Inji

Yau shekara biyu da rasuwar Baffa, ga ni ni kaɗai a shagona a Daura, ina fama da direba, ƙaramar manhajar da ke haɗa kwamfuta da famfon sola na wani ƙauye a Zango. Famfon yana tsayawa haka kawai, mata suna komawa gida babu ruwa. Na sa manhajar ta riƙa rubuta duk motsinta, sai rubutu ya cika allon kwamfutar, na kasa gano matsalar.

Nan na tuna Baffa gaban injin niƙansa, hannu duk baƙin mai, gemu duk gari. Yakan ɗora sukundireba a jikin injin, ya kara kunne a ƙotar, ya shata alli wuri uku kacal.

"Baffa, sauran wuraren fa?"

"Ɗana, tambayi inji inda ke masa ciwo. In ka sa shi surutu, ba za ka ji shi ba."

Na goge saƙonnin da manhajar ke rubutawa, na bar uku: farawa, gamawa, da inda ya tsaya. Matsalar ta fito fili. Na waiwaya in faɗa masa, sai kujera babu kowa a kai.

Allah Ya haskaka kabarinka, Baffa, Ya sa ka huta.