Ƙwan Asibi a Gindin Tsamiya

Duk wanda ya yi wayo a Kontagora a shekarun babban yaƙin nan na Turawa ya san Asibi mai ƙwan zabi, kuma in zai faɗi gaskiya ya taɓa shan harararta. Gajeruwa ce, ba ta da jiki, amma idonta ba ya barin komai ya wuce. Da damina ta sauka zabi suka fara zuba, sai ta ɗauki ƙwaryarta da faifanta mai jan baki, wanda ta saƙa da hannunta, ta je ta tare matan Fulanin da ke shigowa daga wajen Bobi tun kafin su iso kasuwa.

Ba ta taɓa karɓar ƙwai a kan maganar mai shi ba. Sai ta tsoma shi a ruwa. Wanda ya nutse nata ne, wanda ya taso baragurbi ne, ta miƙa wa mai shi ba tare da ta ɗaga kai ba. Ko rantsuwa aka yi mata cewa yau da safe aka ɗauko shi a gurbi, sai ta ce, "Ai ba zabuwar ce ta rantse ba."

Da a kan ƙwai abin ya tsaya da sauƙi, amma haka take yi wa mutane. In ka gaishe ta da fara'a ta ce akwai abin da kake nema, in ka wuce shiru ta ce akwai abin da kake ɓoyewa. Abin dariya kuma, duk shekarun da ta yi tana wannan sana'a ƙwai bai taɓa shiga bakinta ba. A gidan da ta tashi an ce ba abincin mace ba ne, ita kuma ba ta ga dalilin cinye hajarta ba.

Ɗa guda Allah ya bar mata, shi ne Shaba, ɗan farinta. Ubansa Ndako, Banufe mai ɗinkin hula, ya daɗe da rasuwa. Asibi ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada, har ta fi waɗanda ta gada a wurinsu. Tun da aka yaye shi aka kai shi ƙauyen Beri wurin kakarsa, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon idonsa, ba ta cin abinci a gabansa. In dole ta ambace shi sai ta ce "na Beri". Son da take yi masa kuwa Allah kaɗai ya san iyakarsa, don ita ba ta taɓa bari wani ya gani ba.

Shaba ya girma ya bi Turawa, ya koyi aikin kuku a Minna. Ana cikin yaƙin sai ga shi ya dawo Kontagora tare da wani Baturen daji da aka kawo bariki, sanye da fararen kaya. Asibi ta yi murna har ta kasa cin tuwo a ranar, amma a fuska ko gezau. Yakan aiko mata da nama, ita kuma ta miƙa wa maƙwabciyarta Ramotu ta kan katanga, don haƙoranta sun daina tauna, ban da haka ma ba ta san hannun da naman bariki ya bi ba.

Zargin ya fara ne daga ƙwaryarta. Duk lokacin da Baturen zai fita rangadi, Shaba zai zo ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Inna, ƙwai nake so, duk abin da ke cikin ƙwaryar." Ita kuma ta fuskanci bango ta ce, "A ɗauka." Yana fita sai ta shiga tunani. Bature ɗaya tilo, ba mata ba 'ya'ya, me zai yi da ƙwai cike da ƙwarya?

Ramotu ce ta ƙara wa wutar itace. Matar mahauci ce, kuma maganar da ta shiga kunnenta ba ta kwana. Ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Yaya Asibi, ni dai ba gulma na zo ba. Maigida ya ce na Berinki hanjin rago yake saye, ya wanke shi tas, ya hura masa iska yana dubawa. Nama kuma sai ya sa an sassara shi ya yi laushi kamar tuwo. Masu itace kuma sun gan shi yana haƙa rami a gindin tsamiyar nan ta bayan bariki."

"Wace tsamiya?"

"Tsamiya nawa ce a wurin? Wadda ba a bi ta ƙarƙashinta da tsakar rana."

Ba yau Asibi ta fara sayar da ƙwai ba. Ta san masu zuwa su nemi ƙwaya ɗaya tak suna kauce wa idonta, ta kuma san ba tukunya ake kai shi ba, binne shi ake yi a hanyar wani. To wanda ke binne ƙwarya guda, da hanji, a gindin tsamiya, wane irin abu ya ɗauko wa kansa? Ta yanke cewa Baturen ne ke sa shi, don ya ɗaure masa baki da ƙafa ya tafi da shi inda ba zai dawo ba.

Wata uwar sai ta kira ɗanta ta tambaye shi, a gama magana kafin tuwo ya huce. Asibi ba ta da wannan hanyar. Ta yaya za ta tsare ɗan fari da tambaya, ita da ko sunansa ba ta faɗa? Sai ta zauna da abin a ciki yana cin ta, tana ramewa, tana yi wa matan Bobi faɗan da ba su san dalilinsa ba.

Ranar da ya sake ɗaukar ƙwai, Baturen zai tashi zuwa Rijau washegari. Bayan azahar Asibi ta ɗora faifanta a ka don rana, ta bi ta bayan gari ta laɓe a cikin gamba, inda take hango tsamiyar. Ga Shaba nan a tsugune, ga rami cike da garwashi. Ya fasa ƙwan nan kaf a babban kwano, ya zuba madara, ya yi ta bugawa. Ya watsa wani abu ja, ya watsa wani kore. Sai ya miƙe ya sauko da wani abu daga reshe, dogon jere a ƙulle gaɓa gaɓa, kowace gaɓa kamar yatsan mutum. Ya sa wuƙa yana yankawa, bakinsa yana motsi.

Asibi ta toshe bakinta da gefen zane. Ta sha jin ana raɗe-raɗin abin da Turawa ke ci a ɓoye, ta ɗauka zancen kasuwa ne, yau ga shi a hannun ɗanta.

Ya juye haɗin a kwanonin ƙarfe biyu, babba da ƙarami, ya rufe. Ya zura su cikin wata garwa da ke kwance a ramin, ya toshe bakinta, ya tura garwashi sama, ya bi da ƙasa. Ya wanke hannu ya nufi inda yake sallar la'asar. Nan da nan Asibi ta gama fassara abin da ta gani: babban kwanon na Baturen ne, ƙaramin kuwa shi ne wanda aka ɗaure ɗanta a ciki.

Ba ta san lokacin da ta isa ramin ba. Ta tone da kara, kara ya kama wuta ta sa hannu. Garwashi ya ƙone mata tafi, ba ta tsaya ba. Ta jawo kwanonin ta naɗe su a zane, wani ƙamshi ya bugi hancinta har yawunta ya tsinke, wannan ma ya ƙara tabbatar mata, don ta san mugun abu ba ya zuwa da wari. Ta gangara rafi ta jefa su inda ruwa ya fi ƙarfi, ta tsaya har suka nutse. Ta koma gida hannu yana raɗaɗi, zuciya kuwa fes, ta ceto ɗanta. Sai da ta zo rufe ƙwarya ta ga ba faifai.

Washegari da hantsi Ramotu ta leƙo, wannan karon muryarta a ƙasa. Ta ce bariki ya yamutse. Baturen ya zo ɗaukar guzurin hanya aka nuna masa rami wayam, ya ce kuku ya sayar da ƙwai da nama ya zo yana yi masa wasa da hankali. An tambayi Shaba ko ya ga sawun wani, ya ce bai ga komai ba, laifinsa ne. An karɓe fararen kayan, an ce ya bar bariki.

"Guzuri?" in ji Asibi.

"Wai abincin safe ne, Yaya. Wanda yake ci a hanya."

Ramotu ba ta gama sauka daga katanga ba sai ga sallamar Shaba. Ya shigo da tsohuwar rigarsa, da ƙunshi a hannu. Ya durƙusa a inda ya saba, ya zaro faifai mai jan baki daga cikin riga, gefensa ya ɗan babbake, ya ajiye a bakin ƙofa. Ya dubi hannuwanta da ta shafa wa man kaɗanya ta naɗe da tsumma. Ya ce, "Inna, akwai sauran ƙwai?"

Ta fuskanci bango. Da ƙyar ta ce, "A ɗauka."

Ya ɗauki fartanya ya haƙa rami a tsakar gidan, daidai inda za ta gani daga ɗaki. Ya hura gawayi a ciki. Sannan ya juya mata baya don kada ya kunyata ta, ya shiga aiki yana magana kamar da ramin yake.

"Murhun bariki ne ya fashe, yaƙi kuma ya hana a kawo wani, shi ya sa nake gashi a ƙasa. Gindin tsamiya ne kaɗai ruwa ba ya kwanciya. Wannan albasa ce, wannan tumatir da tattasai, wannan alayyafo. Wannan kuma," ya ɗaga jeren nan mai kama da yatsu, "naman sa ne daga hannun mijin Ramotu, da gishiri da citta, na ɗura a hanjin rago na shanya a hayaƙi. Irinsa na gwangwani da Turawa ke kawowa ya daina zuwa, ni ma na huta da taɓa abin da ban san asalinsa ba. In na yanka ina bisimilla ne."

Ya soya naman da man shanu, ya juye kayan miyan a kai, ya kwarara ƙwan da ya buga da madara, ya rufe kwano ya binne. Suka zauna, shi a tsakar gida ita a ɗaki, har ƙamshin jiya ya cika gidan. Da ya tone, abin ya taso ya yi ja a sama, ya kama jikinsa. Ya bari ya huce, ya yanka shi gida gida.

"A gona ko a daji ba kullum ake samun wuta da lokaci ba," in ji shi. "Sai a yi sau ɗaya ya kai kwana biyu uku. A rufe shi a ajiye a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Kowace safiya a ɗauki yanki a ɗumama shi sosai. In ƙamshinsa ya sake a zubar." Sannan ya ce, "Ƙaramin kwanon jiya na wata tsohuwa ne. Na lura naman da nake aiko mata ta kan katanga yake fita. Na ce wannan ba ya son haƙori."

Asibi ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ashe duk kallon da take yi masa ta gefen ido, shi ma yana yi mata.

Turawan Kontagora ba su da yawa, kuma tare suke shan shayi, kukun da aka kira ɓarawo ba zai sake samun kicin a garin ba. Shaba ya ce akwai motar da za ta Minna da yamma, zai je ya gwada can. Ya ɗauki ƙunshinsa ya durƙusa. Magana ta cika wa Asibi baki, ta ban haƙuri, ta kada ka tafi, ta ni ce, ko da yake ya sani. Abin da ya fito shi ne, "A sauka lafiya." Bango ta faɗa wa.

Hali dai ba ya barin mai shi rana ɗaya. Da safe sai da ta gutsura kaɗan ta jefa wa kaza, ta zauna tana kallonta. Kaza ta cinye ta dawo neman ƙari. Sannan Asibi ta ɗumama yanki, ta shiga ɗaki ta saki labule, ta kai baki. Laushi, ga maiƙo, ga ɗan yaji. Ta ci tana kuka, tana jin haushin kanta, tana kuma jin haushin duk wanda ya fara cewa ƙwai ba abincin mace ba ne.

Shaba bai sake zama a Kontagora ba, sai saƙon gaisuwa jefi jefi ta bakin direbobi. Asibi ta ci gaba da tsoma ƙwai a ruwa har ƙarfinta ya ƙare, amma ramin tsakar gida ba ta yarda an cike shi ba, ko da aka ce zai karya wa wani ƙafa.

Ramotu ta ce a safiyar da yanki na ƙarshe na gashin Shaba ya rage, tana shara a jikin katanga, ta ji Asibi ta daɗe tana kankare kwanon. Sai ta ji ta yi magana a hankali, ta ɗauka da ita ake, ta leƙa. Ba kowa a gidan. Asibi ce zaune a bakin ramin da kwano a cinya, tana cewa, "Shaba. Shaba."