Dutsen Baban Rosina

Rosina Peltharre ta yi aikin wanki a asibiti har ƙarfinta ya ƙare, yanzu kuma asibitin ne ke yi mata wankin ƙoda. Ciwon nan ya ɗaure ta a garin Alice Springs, a ɗakin da tagarsa ke kallon katangar kwano. Ƙauyensu na can yamma, amma mai wankin ƙoda ba ya nisa da inji. Abin da ya rage mata na gida zane ne guda, wanda babanta ya yi da fentin ruwa: jan dutse, busasshen rafi, da farar bishiyar turare. Duk ranar da ta dawo daga asibiti jiki ba ƙwari, shi take zuba wa ido har barci ya ɗauke ta.

'Yarta Doreen ce ta lura zanen yana koɗewa, ta ɗauko Glenys, baturiyar da ke duba zane-zane a gidan adana kayan tarihi. Glenys ta sa farar safar hannu kafin ta sauke shi daga bango.

"Ikon Allah," in ji Rosina. "Mai zanen ma da hannun cin nama ya yi shi."

Glenys ta yi dariya, ta duƙufa tana dubawa. Ta ce aikin gwani ne, babu tantama, sai dai rana ta cinye shuɗin sama. "Wannan ja-ja-jan da takardar ta yi fa, Anti?"

"Hayaƙi ne, 'yar nan. In an yi mutuwa ai sai an turara gida da ganye. Mijina, ƙannena biyu, ɗana. Duk yana rataye aka yi." Ta faɗe shi ne kamar mai lissafin cefane, don ta gaji da kuka tuntuni.

Glenys ba ta ɓoye mata komai ba. Fentin ruwa ba ya shiri da haske, kuma abin da ya tafi ya tafi. In ana son ceton sauran, sai dai ta tafi da shi a kwantar a aljihun tebur, cikin duhu, inda ba zafi ba laima.

"Mama, ki bari mana," in ji Doreen. "Jikoki su ma su samu."

Rosina ta dubi zanen. Gaskiyar Doreen ce, kuma wannan ya fi komai ciwo. Amma in bango babu zane, ita da katangar kwano ke nan har abin da hali ya yi.

"In ya zauna a nan, yaushe dutsen zai ɓace?"

"Wataƙila shekara goma, Anti."

Rosina ta gyara kwanciya, ta ja bargo. "Likita bai ba ni rabin haka ba. Mayar da shi kan ƙusarsa. In kun gama turara ɗakin nan, ki zo ki ɗauka."