Tambayar da Yaya Hawa Ta Bari a Gida

Shekara arba'in da biyar ke nan da muka kai Yaya Hawa makwancinta a nan Tamale. Lokacin ƙasar nan ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, tutocin da aka rataya a bakin kasuwa ma ba su gama koɗewa ba. Ni kuwa ina Ankara, babban birnin ƙasarmu, sabon ɗauka a gidan rediyo, ana koya mini karanta labaru da Hausa ba tare da murya ta yi rawa ba, ko da labarin mutuwa ne. Da wannan muryar nake so in yi maganar yau, domin abin da zan faɗa ba ya bukatar kuka. Yana bukatar a ji shi daidai.

Yaya Hawa ita ce babbar 'yar mahaifinmu. Ta girme ni da fiye da shekara ashirin, kuma ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyata. Fura take yi a unguwar Kaladan. Kowace safiya matan Fulani kan kawo mata nono daga Gumani, ba ta kuwa taɓa karɓar ƙwarya ba ta ɗanɗana ba. In ta ji an tsinka shi, sai ta dubi mai nonon ta ce, "Ƙawata, saniyar nan taki a cikin rafi ta kwana?" A yi dariya, a sake mata wani. Haka take da komai. Ba ta haɗiye magana sai ta juya ta, ba ta barin abu ya wuce ba ta tambaya ba.

Bayan al'adarta ta ɗauke da 'yan shekaru, sai jini ya dawo mata. Abin da ya fara zo mata a rai shi ne salla. Ta ajiye salla kwanaki, jinin bai tsaya ba, hankalinta ya tashi. Mace irinta ba za ta tsuguna gaban malami ta furta wannan magana ba, don haka ta bi hanyar da mata ke bi a zango, unguwarmu ta Hausawa. Ta gaya wa wata tsohuwa maƙwabciyarta, tsohuwar ta gaya wa matar malam, matar malam ta gaya wa mijinta. Amsa ta dawo ta hanyar da tambaya ta bi: wannan ba haila ba ce, ta tsarkake jikinta, ta yi alwala, ta ci gaba da sallarta.

Ban taɓa ganin laifin malamin nan ba. An tambaye shi hukuncin salla, ya ba da hukuncin salla, kuma bai yi kuskure ba. Yaya ta ji sanyi a ranta har ta yi sadakar fura. Damina ta wuce, rani ya wuce, tana alwala tana salla, abin yana cin ta a ciki. An ce matambayi ba ya ɓata. Gaskiya ne, amma kowace hanya da masaninta.

Sai da ta rame, ciwon mara ya hana ta durƙusawa gaban turmi, aka kai ta asibiti, aka aiko mini na hawo mota. Likita ya ja ni gefe ya yi mini bayani da Turanci. Ciwon daji ne na bakin mahaifa, kuma ya riga ya bazu. Ya ce a ƙasashen waje akwai wani sinadari mai fitar da haske marar ganuwa, ana sa shi kusa da ciwon ya kashe shi, amma babu shi a ƙasar nan, kuma ko a can sai an zo da wuri. Da na koma bakin gadonta ta ce in faɗa mata abin da ya ce, kada in rage. Na fassara mata kamar yadda aka koya mini, ban ƙara ba, ban rage ba. Ta ce, "Ashe tambayar biyu ce. Na aika ɗaya, na bar ɗaya a gida. Kai da kake magana a akwatin rediyo, ka ce wa mata su riƙa aika duka biyun."

Ba ta ga wata daminar ba. Ta bar 'ya'ya huɗu, autarsu Sanatu tana 'yar shekara takwas.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga yau. Abin da likitan nan ya ce babu, yanzu akwai shi a Ankara da Kumasi. Mutane na kiransa gashi, kamar dai gashin nama. A shekarun da na yi ina shirya shirin lafiya na zauna da likitoci da dama, ga kuma abin da na fahimta. Hasken yana lalata ƙwayoyin ciwon ta yadda ba za su ci gaba da hayayyafa ba. Aikin masu bincike tun zamanin Yaya shi ne yadda za a saita shi ya sauka a kan ciwon, ya bar lafiyayyen naman da ke kewaye. Ga mata, ana haska mara daga waje, a kuma sa abin a ciki na ɗan lokaci dab da bakin mahaifa. Ga maza, akwai wani ɗan ƙullin nama a ƙasan mafitsara wanda ciwon daji kan kama idan shekaru sun ja, shi ma ana haska shi. Har yanzu suna neman yadda za a rage yawan zuwa da wahalar da ke biyo baya, domin akwai wahala: kasala, gudawa, zafin fitsari, wani lokaci fata ta yi duhu. Ba kowa ke warkewa ba. Amma wanda ya zo da wuri yana da rabo mai kyau.

Na san Yaya ba za ta tsaya yabo ba. Za ta ce, "To, ya yi. Me ya sa babu shi a Tamale? Matar da ke tatsar nono a Gumani, wa zai riƙe mata shanu da 'ya'ya makonni tana Kumasi?" Ina dai maimaita tambayar a duk inda na samu kunnen da ke da iko, kuma ba zan daina ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana ya fi wannan kusa da gida. Sanatu, wadda yanzu ita ma ta yi jikoki, ta ga irin alamar da uwarta ta gani. Da yake da labarin ta girma, ba ta tsaya ba, ta wuce asibiti. Aka gwada, aka ce shi ne, amma bai yi nisa ba, aka umarce ta da ta tafi Kumasi a yi mata gashi. Nan ta ja tunga. Matan unguwarsu a Bulpiela sun lissafa mata waɗanda suka je suka dawo a likkafani, sun ce na'urar tana dafa hanjin mutum.

Na same ta da hantsi tana tankaɗen gero a tsakar gida. Na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce waɗanda ake lissafa mata sun je ne bayan ciwo ya gama da su, kamar uwarta, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta saurare ni har na kai aya, ba ta ajiye rariya ba.

"Kawu, ka gama karanta labarun?"

Na ce na gama.

"To ni ma ina da nawa. Ranar sunan jikata, butarka ta fi kowa zirga-zirga a gidan nan. Ba a gama addu'a ba ka tashi, ba a raba goro ba ka sake tashi. Wa ka kai wa wannan maganar?"

Na ce na tambayi liman yadda mai ɗigon fitsari zai yi da alwalarsa.

Ta tafa hannu, gari ya tashi. "Liman! Kawu, ka tsufa paa, tsufa na gaske! Kai da ka shekara talatin kana ce wa matan ƙasar nan tambaya biyu ce? Taka ɗayar tana ina, a aljihu?"

Ta ɗauki rariyarta ta ce, "Ka je a duba ka. Ranar da ka kawo mini abin da likita ya ce, ranar zan ɗaure kayana."

Na je. Aka ɗebi jini, aka yi gwaje-gwajen da maza ke gudu saboda kunya, aka ɗauki ɗan nama aka aika. Sakamako ya dawo: ciwon daji ne a ƙullin nan na ƙasan mafitsara, bai fita daga wurinsa ba. Likita ya ce ni ma Kumasi. Na ji labarin kamar yadda na saba karanta na wasu, sannan na wuce Bulpiela kai tsaye na faɗa wa Sanatu, ban ƙara ba, ban rage ba. Sai ta kira 'yarta ta ce a sauko mata da jaka.

Ga 'yan'uwana maza da ke karanta wannan, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Muna zaune a ƙofar masallaci muna tausaya wa mata da kunyarsu, alhali tamu ta fi tasu kauri. Ku tambayi malam hukuncin alwala, wannan wajibi ne. Daga nan ku wuce asibiti.

Yaya Hawa ba ta bar hoto ba. Ƙoren furarta sun farfashe tuntuni, ɗakinta na Kaladan an rushe shi an gina shago. 'Yancin da ta ga farkonsa bai iso da magani a kan lokacinta ba. Abin da ya rage nata shi ne halin nan na ƙin haɗiye abu ba a ɗanɗana ba, kuma na gan shi da idona a bakin 'yarta, ranar da ta juyo da shi kaina.

Ranar Litinin za mu tashi. Sanatu ta riga ta gaya wa yaran tasha a ba ni kujerar bakin ƙofa, wai saboda ni da butata. Ba mu san abin da Allah ya rubuta ba, kuma ba mu je neman sani ba. Allah ya jiƙan Yaya Hawa, ya haskaka kabarinta. Tambayar da ta bari a gida, mu biyu za mu kai ta Kumasi.