Tiyar Mai Gadin Rumbu

Babanmu ba marowaci ba ne, amma ya tsani ya ga mutum a zaune yana ci. A zamanin soja yana da kamiyo guda, wato babbar motar kaya, tsoho tukuf, mai kai hatsi da awaki daga Filinge zuwa kasuwar Balayara. Tun daga nesa muke gane tarin injinsa.

A lokacin ne kumandan garinmu ya tara masu motoci, ya ce su yi wa direbobinsu tanadi, don wanda motarsa ta mutu ko aka sallame shi kada iyalinsa su kwana da yunwa. Ma'aikatan gwamnati suna da asusunsu can Yamai, mu kuwa rumbu muka sani, sai aka gina ɗaya bayan tasha. Duk ranar kasuwa kowane mai mota zai zuba hatsin direbobi, sannan ya ƙara tiya guda, wato ƙwaryar awo, don mai gadi. Wani dattijo ne, shi ke auna wa marasa aiki, ya gyara jinka, ya kori gara.

Hatsin direbobi bai taɓa damun Baba ba. Tiyar nan ce ta tsaya masa a maƙogwaro. Kullum a kan akushi sai ya tayar da zancen, wai rumbu ba ya gudu, to me ake gadi? In ma dole ne, masu ci su biya mana. Inna takan ce ya ci tuwonsa kafin ya huce. Da yake kaki ke mulki, ƙorafin bai wuce zaurenmu ba.

Da soja suka sauka bakin kowa ya buɗe, wasu suka shiga siyasa, shi kuwa Baba ya nufi tiyar mai gadi. Ya bi masu motoci ɗaya bayan ɗaya har aka soke ta. Dattijon ya naɗe tabarmarsa ya koma gonarsa wajen Sanam. Ranar Baba har tsire ya sayo mana.

Ba a daɗe ba kamiyon ya yi tarinsa na ƙarshe a hanyar Balayara, aka sayar wa maƙera. Baba ya koma tuƙa motar wani, ana tsakiyar damina kuma aiki ya yanke, aka sallame shi. Hatsin gidanmu ya kai gindin tukunya, ga kaka da saura. Inna ta miƙa masa buhu, ta tuna masa cewa yanzu shi ma direba ne marar aiki, yana da haƙƙi a rumbun tasha. Ya tafi yana jan ƙafa, ya dawo da buhun a naɗe a hammata. Ashe jinkar rumbun ta yi yoyo, hatsin sama ya yi baƙi da ruma, ƙasa gara ta yi gini. Ranar, duk da yunwar da nake ji, tausayinsa ya fi kama ni.

Masu motoci suka taru za a gyara rumbu, aka rasa mai tsaro. Aka duba wa ke zaune ba aiki, ido ya sauka kan Baba. Ya karɓa, ya gyara zama, ya ce, "To, tiyar mai gadi hwa?"

Wani abokin wasansa ya ce, "Ashe ba kai ka ce rumbu ba shi gudu ba?"

"Ba shi gudu," in ji Baba, "amma shina tahiya sannu-sannu, cikin bakin gara."

Aka yi dariya, aka maido da tiyar, ita ta riƙe mu har hatsi ya nuna. Ta farko dai ba ta shigo tukunyarmu ba. Baba ya ƙulle ta a tsumma, ya ce direban Sanam zai kai wa dattijon. Inna ta yi ta faɗa har la'asar, mu ga yunwa shi ga kyauta. Da ta gaji, ta kwance ƙullin ta ƙara wa dattijon garin kuka a ciki.