Ranar da Saude Ta Shiga Jirgin Surajo

Saude ba ta wuce shekara tara ko goma ba lokacin da aka tashe su daga Gangaren Marke, saboda ruwan dam ɗin Tiga zai cinye garin. Abin da ta riƙe na ranar tashin ba shi da yawa: wata babbar mota, turmin mahaifiyarta a ɗaure a sama, da akuyar da ta ƙi hawa sai da aka ɗauke ta cak. Aka sauke su a wani tudu mai tsakuwa a ƙasar Bebeji. Mahaifinta, Malam Muhammad, manomin dawa ne, bai taɓa riƙe koma ba. A tudun nan ya koyi kamun kifi da furfura a gemunsa, har ya rasu kuma bai ƙware ba.

Ta girma, ta yi aure, ta haihu. Da mijinta ya rasu sai ta kafa kasko a bakin ruwa, tana suyar karfasa da tarwaɗa. Hayaƙi ya ci mata ido, tsuguno ya ci mata gwiwa. Duk shekarun nan ruwan yana gabanta, amma ba ta taɓa shiga jirgi ba. Ba wata rantsuwa ta yi ba, babu dai abin da zai kai ta.

Ƙanenta Surajo, wanda aka haifa bayan tashin, shi ne mai jirgi. Da baƙi suka fara zuwa yawon buɗe ido, 'yan makaranta a bas, ma'aikata daga Kano ranar Asabar, wani lokaci ɗaliban jami'a masu ɗaukar magana a waya, sai ya gane labarin garin da ke ƙarƙashin ruwa ya fi kamun kifi riba. Yakan kai su tsakiya, ya kashe inji, ya nuna ƙasa ya ce nan ne masallaci, can kasuwa, can kuma marina. Gangaren Marke bai taɓa yin marina ba. In sun dawo sai ya tsayar da su gaban kaskonta ya ce ga yayarsa nan, a can aka haife ta, su tambaye ta.

Su kuwa sai su yi ta tambaya. Yaya garin yake, sun yi kuka ranar tashi, da gaske ne ana jin kiran salla daga cikin ruwa? Tana juya kifi tana amsawa. Da farko takan ba da labarin rafin da suke wanki da tsamiyar ƙofar gidansu. Da aka yi ta maimaitawa, labarin ya fita daga ranta, ta koma ba ta ma tabbata abin da ta gani da idonta da abin da ta ji a bakin mahaifiyarta ba. Wasu su saurara, su ɗauke ta hoto, su tafi ko kan kifi ba su saya ba. Ta yi wa Surajo magana kan marinar da ya ƙirƙiro, ya ce baƙi ba sa biyan kuɗin jirgi don su ga ruwa zalla.

Wata Asabar da hantsi, bayan damina, mota ta tsaya kusa da rumfarta. Wata mata ta fito ta gaishe ta, ta ce sunanta Badiyya, malamar makaranta ce a Kano, mahaifiyarta ta kawo. Aka buɗe ƙofar baya, ga tsohuwa tukuf an kewaye ta da matasai. Tsohuwar ta daɗe tana kallon Saude, sannan ta tambaye ta ko ita ce ta gidan Malam Muhammad. Dije ce, maƙwabciyarsu ta katanga ɗaya. Tana 'yan shekaru da aure aka tashe su, mijinta ya ƙi zaman tudun, ya wuce da ita birni.

Saude ta durƙusa har ƙasa duk da gwiwar, suka yi ta lissafin waɗanda suka rasu. Badiyya ta ce tun da ciwo ya kwantar da tsohuwar ba ta da magana sai ta garin. A can ta binne ɗanta na fari, tana so a kai ta ta yi masa addu'a a kan wurin. Surajo ya ce ya san wurin sarai. Dije ta dube shi ta ce a ina aka haife shi, ya faɗa. Sai ta ce ba za ta shiga ba sai da Saude.

"Inna, ban taɓa shiga ba," in ji Saude.

"To yau ki shiga. Wa ya rage mini?"

Ta sauke kaskon, ta rufe ɗanyen kifin da buhu, ta shiga. Ta riƙe gefen jirgin da hannu biyu. Suka yi nisa har rumfarta ta ɓace. Surajo ya kashe inji a inda ya saba. Wannan karon bai nuna ƙasa ba.

Dije ta ɗaga kai ta duba gabas, ta duba yamma. Ta ce ba nan ba ne, domin daga ƙofar gidansu dutsen can yana hannun dama. Saude ta ce ita a hagu ta san shi. Aka matsa gaba. Dije ta ce an wuce. Aka dawo, ta ce ba a kai ba. Ko'ina ruwa ne iri ɗaya, rana kuma ta fara zafi. Badiyya ta riƙe wa mahaifiyarta lema, tana ta duban Saude kamar ita ce za ta raba gardamar.

Dije ta ce, "Saude, ke yarinya ce, idonki ya fi nawa. Ina ne?"

Saude ta duba iya dubawa. Ta ce, "Wallahi Inna, ban sani ba."

Tsohuwar ta ɗaga hannuwa ta yi addu'arta a inda suke, ga ɗanta da duk waɗanda ke kwance a garin, suka shafa. Ta ce a mai da ita, ta gaji. A hanyar dawowa ta yi barci a kafaɗar 'yarta.

Da suka iso rana ta take, wuta ta mutu, kifin ya fara canzawa, dole Saude ta raba wa maƙwabta abin da zai ciwu. Kwana biyu tana jin ƙasa tana rawa a ƙafarta.

Surajo ya ga wata dama a abin. Ya ce ta riƙa shiga da baƙi, za su fi yarda in 'yar garin ce da kanta take nunawa. Ta ce ta shiga ta gani, babu abin nunawa. Ya yi fushi na 'yan kwanaki, ya ci gaba da kai baƙinsa.

Kafin girbi ya ƙare Badiyya ta aiko cewa tsohuwar ta rasu. Saude ba ta iya zuwa gaisuwa Kano ba saboda gwiwa, sai ta tura Surajo. A shekarar ta bar wa 'yarta Bushira kaskon, ta koma zama a inuwa tana gyara yaji. Baƙi har yanzu suna tsayawa a rumfar. In sun tambaye ta, takan faɗa musu sunan garin da sunayen mutanen da ta sani a cikinsa, in suna son sauran ta tura su wurin mai jirgi.